Shekarar da Cutar Ƙanena Ta Dawo

Ƙanena ya zo gidana a Daura wata ranar Laraba da hantsi, ana hutun makaranta. Ya jingine babur ɗinsa a zaure, ya shigo ya zauna a tabarma, ko hula bai cire ba. Na ɗauko masa ruwan da nake tafasawa ina ajiye masa, don tun da muka dawo daga Indiya ba ya shan ruwan randa. Ya kurɓa ya ajiye kofin, sai na ga jini-jini a bakin kofin.

Na ce, "Auta, buɗe bakinka in gani."

Ya ce, "Ba komai ba ne, Yaya. Asuwaki ne ya soke ni."

"Buɗe dai."

Dasashinsa ya kumbura, jini na tsattsafowa tsakanin haƙora. Na kama hannun rigarsa na naɗe, na ga tabo baƙi-baƙi a damtsensa kamar wanda aka doka da sanda. Na taɓa ganin irinsu a jikinsa, shi ma ya san na gane su. Na sauke masa hannun rigar. Can ya ce ya fi sati yana gani, bai faɗa wa matarsa ba, bai faɗa wa Inna ba, ya ce bari ya fara zuwa wurina.

Mu uku mahaifiyarmu ta haifa: ni ce babba, sai ƙanwata da ke aure a garin Babban Mutum, sai shi. A Zango muka tashi, shi kuma can ya zauna da matarsa da 'ya'yansa, gida ɗaya da Inna. Sana'arsa saye da sayar da dabbobi, yana bin kasuwanni yana tara shanu da raguna, a loda masa mota zuwa Kudu. Ni aure ya kawo ni Daura, ina koyarwa a makarantar firamare. Maigidana magatakarda ne a kotu, tun lokacin da aka dawo da shari'a yake wannan aiki.

Cutar ta fara kama Auta ne da zazzaɓin da ya ƙi ji. An yi masa maganin cizon sauro, an yi na taifot, sai ƙara ramewa yake yi yana fari. A wani babban asibiti a Kano aka ce sankarar jini ce, wato ɓargon da ke cikin ƙashinsa ya daina yin jini mai kyau, sai wasu miyagun ƙwayoyi yake ta haifarwa. Aka yi masa magani mai ƙarfi har gashinsa ya zube, cutar ta lafa. Likitarsa ta ce lafawar ba za ta ɗore ba sai an yi masa dashen ɓargo, kuma a lokacin sai a ƙasar waje. Aka gwada ni da ƙanwata, nawa ya dace da nasa. Haka muka je Indiya. Inna ta ɗauka ƙashina za a fasa, amma allurai kawai aka yi mini na 'yan kwanaki, sannan aka haɗa ni da wata na'ura ta tace irin ƙwayoyin da ake so daga jinina. Aka kashe ɓargonsa da magani, aka ɗura masa nawa ta jijiya.

Dashen ya kama. Likitan can har ya nuna mana sakamakon wani gwaji yana dariya, ya ce yanzu duk jinin da ke yawo a jikin ƙanena na mace ne, don ɓargona ne ke yin sa. Da muka dawo gida Auta da bakinsa ya ba abokansa na kara, wato kasuwar dabbobi, labari, suka sa shi a gaba da tsokana, shi ma yana taya su. Gashinsa ya fito, ya yi ƙiba, ya koma hawa babur. Mun kusa shekara a haka. Ni kuma a wannan tsakani na samu ciki, bayan na daɗe da fid da rai da sake haihuwa. Ranar da ya zo mini da jini a baki cikin ya fara fitowa.

Washegari muka shiga motar Kano. Likitar jinin mace ce 'yar dattijuwa, ba ta da yawan dariya, amma ba ta taɓa yi mana hanzari ba. Ta duba bakinsa da idonsa, ta danna cikinsa, ta sa aka ɗebi jini, aka kuma huda ƙashin ƙugunsa aka ɗebi ɓargo. Da sakamakon ya fito muka koma. Ta rufe ƙofa da kanta ta zauna.

Ta ce, "Cutar ta dawo. Ba zan ɓoye muku ba, dawowarta bayan dashe ta fi zuwanta na farko wuyar magani. Amma ba a rasa abin yi ba."

Auta ya sunkuyar da kai. Ni na ce ta faɗa mana abin yin.

Ta yi mana bayani a hankali. Ta ce wasu daga cikin miyagun ƙwayoyin nasa sun ɓuya lokacin dashen, yanzu sun sake yaɗuwa suna danne nawa. Abu na farko, za ta janye ɗan sauran maganin da yake sha na kwantar da garkuwar jiki. An ba shi maganin ne don kada ƙwayoyina su far wa jikinsa, to yanzu so ake su farka su yi faɗa. Na biyu, za a fara yi masa wata allura a ƙarƙashin fata, sati guda a kowane wata, don a rage ƙarfin cutar. Na uku kuma, wanda ta fi sa rai a kansa, a koma Indiya a sake ɗibar fararen ƙwayoyin jinina, masu yaƙi da cuta, a riƙa sa masa kaɗan-kaɗan, su nemi ƙwayoyin sankarar su kashe. Ta ce ta riga ta yi waya da likitan can ko akwai ragowar na farko a daskare, ya ce babu, duk an sa masa.

Na ce, "To yaushe za mu tafi?"

Ta dubi cikina, ta dube ni. Ta ce, "Malama, ba a ɗiba a jikin mai ciki. Sai kin haihu, kin huta."

Na ce ai lafiyata ƙalau, ko fartanya aka ba ni zan yi noma. Na ce in takarda ce zan sa hannu, in wani abu ya faru ba ruwan kowa. Ta bar ni na gama, sannan ta ce babu likitan kirki da zai yarda, a nan ko a can. Aikinta shi ne ta riƙe cutar har in sauka, aikina kuma in sauka lafiya.

Muka kamo hanyar komawa har muka wuce Kazaure. Muna kujerar baya, Auta ya jingina kansa da gilashi. Can ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Yaya, ni fa na gaji. Ba zan sake ba."

"Ba za ka sake me ba?"

"Duk abin. Allurar, aman, kwanciyar asibiti. Na yi sau ɗaya, Allah ya gani. Ku bar ni a gida kusa da yarana."

Raina ya ɓaci, amma motar cike take da mutane, sai na haɗiye. Da muka isa Daura ban sauka gida ba, na aika wa maigidana saƙo, na bi shi muka wuce Zango.

Mun tarar da Inna a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa, matar Auta na gefe tana tankaɗe. Ni na faɗa musu, don shi ya kasa. Matarsa ta ajiye rariya ta shige ɗaki. Inna ba ta daina ɓarar ba. Na ɗauka za ta goyi bayansa, domin tun farko ba ta so tafiyar Indiya ba, kuma duk watannin da muka yi a can a kan dadduma ta yi su. Ta saurara har na kai ga maganar da ya yi a mota.

Ta ce, "Kai, haka ka ce?"

Ya ce, "Haka na ce, Inna."

"Gajiya ce kawai, ko akwai wani abu?"

Ya ce ya ji abin da na faɗa wa likita, cewa a ɗiba ko da cikin. Ya ce ya san halina, in wannan likitar ta ƙi zan nemi wata. Shi kuwa ba zai yarda a taɓa abin da ke cikina saboda shi ba, gara ya haƙura.

Inna ta juyo kaina. "Ke kin faɗi haka?"

Na ce na faɗa.

Ta ce, "To ku duka ku ji. Ke ba mai taɓa ki sai kin haihu kin yi arba'in, kuma ba za ki sake tayar da maganar ba. Kai kuma za ka je ka karɓi allurarka. Ni ban san likitanci ba, amma ban ga dalilin da za a ce ga magani ka ce a'a ba. In lokacinka ya yi, ko a Kano kake ko a ɗakin nan zai same ka. Ni dai ba zan zauna ina kallonka kana jira ba."

Ya yarda, amma da sharaɗi: ba zai tare a asibiti ba sai dole, zai riƙa zuwa yana dawowa. Likitar ta amince, ita ma da nata sharuɗɗan. Ba shiga kara, ba taɓa dabba, ba shiga cunkoso. Ba ɗanyen ganye, ba tsire na bakin hanya, ba nonon da ba a dafa ba. Na ƙarshen nan ya fi komai ci masa rai, mutumin da ya tashi da fura da nono tun yana yaro. Matarsa ta koyi tafasa madara ta kwantar da ita da kanta a kwano mai murfi. Ya ce ba ɗanɗano, amma yana sha.

Watannin nan su ne mafi tsawo da na sani. Duk wata sai ya yi sati a Kano, a gidan wani abokin maigidana, da safe a kai shi asibiti a yi masa allurar a ciki ko a cinya, wurin ya yi ja ya kumbura. Sauran kwanakin yana Zango. Ni da na tashi daga makaranta sai in hau motar Zango in dubo shi in dawo kafin magariba, har cikina ya yi nauyi maigidana ya ce ya isa, shi zai riƙa zuwa. Ya kuwa riƙa zuwa. In an tashi daga kotu ya hau babur, ya dawo mini da rahoto kamar mai karanta ƙara: ya ci tuwo rabin malmala, ba zazzaɓi, dasashi bai yi jini ba.

Inna ta samo wani sassaƙe daga wurin wani mai magani a Babban Mutum, an ce ya warkar da mutane da yawa. Matar Auta ta kira ni a waya tana raɗa, ta ce ga shi an jiƙa, ita ba ta san yadda za ta hana ba. Na ce ta ba Inna wayar. Na roƙe ta ta bari a nuna wa likita tukuna. Aka kai, likitar ta ce ba ta san abin da ke ciki ba, hantarsa kuma na fama da maganin da ake ba shi, ba za ta so a ƙara mata wani nauyi ba. Inna ta ce to rubutu fa? Likitar ta ce a wanke allon da kyau, a yi da tafasasshen ruwa, ya sha a take kada ya kwana. Aka tsaya a haka. Sassaƙen Inna ta zubar da shi da hannunta a bayan gida, ta yi kwana biyu ba ta yi mini magana ba.

Abin da ya fi ba mu wahala jini ne. Allurar tana danne cutar, tana kuma danne jinin kirki, sai an riƙa yi masa ƙari. Likitar ta ce ba a son na dangi na kusa, sai na bare. Maigidana ya faɗa wa limamin unguwarmu, liman ya yi magana bayan sallar Juma'a, ya ce wa mutane ba da jini ga mara lafiya halal ne kuma sadaka ce, don har lokacin akwai masu shakka. A Zango kuma sarkin kara ya tara dillalai da 'yan lodi. Na ga motar da suka cika ranar farko da ta tsaya a tashar Daura ɗaukar mutanen unguwarmu. Manyan mutane masu kokawa da bijimai, amma rabinsu ba su taɓa yarda an soka musu allura ba. Wani ƙato a cikinsu ya leƙo ta taga ya ce, "Hajiya, in na suma ki ce wa matata faɗuwa na yi a kan babur." Aka bushe da dariya. An ce ya suma ɗin kuwa, ya farfaɗo ya sha lemo, da lokaci ya zagayo ya sake zuwa.

Da damina ta yi tsakiya zazzaɓi mai zafi ya kama shi. Likitar ta sha faɗa mana cewa zazzaɓi a jikinsa ba abin a jira gari ya waye ba ne ko a sha ƙwaya a gani. Matarsa ba ta tsaya shawara da kowa ba, ta tari mota a bakin titi ta ɗauke shi sai Kano. Aka kwantar da shi, ciwon ya shiga huhu. Ni a lokacin ko sunkuyawa ba na iya yi, aka hana ni zuwa. Na zauna a Daura da waya a hannu. Ban daina zuwa makaranta ba, don in na zauna a gida tunani zai kashe ni. Ina tsaye gaban allo ina koya wa yara lissafi, wayar na cikin aljihun hijabina, duk motsin da ta yi sai in ciro ta in duba. Ya fi sati biyu kafin zazzaɓin ya sauka. Da ya samu bakin magana ya kira ni, muryarsa kamar ta tsoho. Ya ce, "Yaya, ina nan. Ke ki yi naki aikin."

Na haihu gab da kaka, mace. Haihuwar ta zo da sauƙi fiye da yadda ake tsoro ga mai shekaruna. Auta bai zo suna ba saboda taron mutane, sai bayan kwana biyu aka kawo shi da ƙyalle a hanci da baki. Ya wanke hannu, ya karɓi jaririyar, ya yi mata addu'a ya miƙo ta da sauri, wai kada ya sa mata wani abu. Na ce ai ita ce za ta sa maka. Na yi wankan jego, na ci abinci kamar mai gasa, kunun kanwa, hanta, zogale, duk abin da aka ce yana ƙara jini. Likitar ta sa aka gwada ni bayan arba'in ta ce da saura, in ƙara hutawa. Na ƙara. Gwajin ɓargon Auta kuma ya nuna allurar ta rage cutar sosai, ba ta kawar da ita ba, amma ta rage ta daidai yadda ake so kafin a sa masa ƙwayoyina.

Muka tashi mu huɗu: ni, da jaririya a baya, da Auta, da matarsa. Sauran yaranmu aka bar su wurin Inna da ƙanwata. Asibitin yana nan yadda na san shi, da warin maganinsa da hayaniyar titin gabansa. Likitan can ya tsufa kaɗan. Ya gaishe ni da hannu biyu a ƙirji irin tasu, ya leƙa fuskar jaririyar ya ce ashe wannan ce ta sa mu jira.

Wannan karon ba a yi mini allurar komai ba. Aka kwantar da ni, aka sa mini allura a hannun dama da na hagu, jini na fita ta nan ya shiga na'ura ya dawo ta can. Tun safe har bayan azahar ban isa in lanƙwasa hannu ba. Leɓɓana suka riƙa yin zir-zir, aka ba ni wani abu na tsotsa. Jaririyar ta tashi da kukan yunwa, matar Auta ta yi jijjiga ta gaji. Wata ma'aikaciyar jinya ta ja labule, ta nuna mata da hannu yadda za ta yi, sai matar ƙanena ta ɗora mini yarinyar a ƙirji ta riƙe ta tana sha, ni hannuwana a miƙe kamar an shanya ni. Muka kalli juna muka fashe da dariya har na'urar ta yi ƙara, ma'aikaciyar ta ce in daina motsi.

Abin da aka tara ɗan kaɗan ne a leda, ruwan ɗorawa-ɗorawa da ɗan ja. Aka raba shi kashi-kashi aka daskarar. Likitan ya ce za a fara da ƙarami, a jira a gani, sannan a ƙara, domin in aka sa da yawa lokaci guda ƙwayoyina za su iya far wa fatarsa da hanjinsa da hantarsa har abin ya fi cutar haɗari. Ina wurin aka sa masa na farko. Kafin mu gama hira an gama. Auta ya ce, "Shi ke nan? Duk jiran nan don wannan?"

Su za su zauna watanni, ni kuwa aikina ya ƙare, ga yara a gida, ga makaranta. Sai maganar wanda zai raka ni ta taso, tunda muharramina shi ne mara lafiyar. Akwai wani dattijo da matarsa 'yan Kano da suka kawo jikarsu aikin zuciya, za su koma a satin. Maigidana ya yi magana da dattijon a waya, ya tambayi alƙalin da yake aiki a ƙarƙashinsa, sannan ya kira ni ya ce in biyo su. Shi ya tare ni a filin jirgin Kano.

Kashi na farko bai yi komai ba. Bayan na biyu ne matar Auta ta kira ni wata rana ina cikin aji, tana kuka. Ta ce tafin hannunsa da na ƙafarsa sun yi ja kamar ya taɓa wuta, ƙuraje sun feso masa a baya da wuya, bakinsa duk gyambo, ko ruwa da ƙyar yake haɗiya, ga gudawa. Na fita bayan aji na tsuguna. Na san jinina ne ke yi masa haka. An gaya mini tun farko, amma faruwar abin daban ce. Na ce ta kai wa likita wayar. Ya ce in kwantar da hankalina, ƙwayoyin sun farka, kuma sau da yawa in suka taɓa jiki haka suna taɓa cutar ma. Sai dai dole ya ba shi maganin da zai rage musu zafi, ba kuma da yawa ba don kada su koma barci. Ya ce ba zai ƙara masa kashi na uku ba. Na share fuskata na koma aji na ƙarasa darasin.

Makonni aka yi ana wannan awo, a ƙara magani a rage. Auta ya rame har matarsa ta daina turo mini hotonsa. Kunu kawai yake iya sha, da geron da na bar musu, tana dama masa a ɗan ɗakin da suka kama haya. Kullum bayan la'asar ina kiransu. Wata rana ba ya iya magana, sai in yi ta ba shi labarin gida shi yana ji: an yi girbi, wane ya aurar da 'yarsa, farashin raguna ya tashi, yarinya ta fara zama. Sannu a hankali gudawar ta tsaya, bakin ya fara warkewa, fatar ta saɓule ta yi sabuwa.

Ranar da sakamakon ɓargo ya fito shi da kansa ya kira. Ina tsakar gida ina wanki. Ya ce, "Yaya, sun duba ba su ga komai ba." Na ce ya sake faɗa. Ya sake. Na zauna a kan turmi da kumfa a hannuna. Ban yi guɗa ba, don an taɓa gaya mana haka a baya. Na dai yi alwala na yi raka'a biyu, na sa hijabi na tafi tashar Zango in faɗa wa Inna baki da baki.

Sun dawo da rani. Bai koma yadda yake da ba, kuma likitarsa ta Kano ta ce da wuya ya koma. Idanunsa sun bushe, kullum da kwalbar magani a aljihu yana ɗigawa. Bakinsa ba ya jure yaji. Fatar hannunsa ta yi dabbare-dabbare, rana na damunsa, sai ya riƙa sa riga mai dogon hannu da malafa. Tafiyar Kudu ya bar wa abokin cinikinsa, shi yana zama a rumfa a gefen kara, nesa da ƙura, ana kawo masa dabba ya duba daga inda yake. Gwaji kuwa har yau ana yi. Da farko duk wata, yanzu an tsawaita. Ba wanda ya ce mana cutar ta tafi ke nan, mu ma ba mu tambaya. In lokacin gwaji ya matso ina rasa barci, in ya wuce in ci gaba da harkokina. Ragowar ƙwayoyin nawa suna can a daskare, likitan ya ce a bar su ko da za a buƙata.

Bara wani manomi daga wajen Baure ya zo gidan Auta da matarsa, ina can na je gaida Inna. An gaya musu ɗansu babba na da irin wannan cuta, wani ya ce su zo su ga wanda ya yi ta. Mutumin ya zauna a zaure yana juya hularsa a hannu, ya ce shi so yake a faɗa masa gaskiya, ana warkewa ko wahala ce kawai. Ina jin su daga tsakar gida. Auta bai yi masa alkawarin komai ba. Ya ce akwai waɗanda suka kwanta ɗaki ɗaya da su, sun riga mu gidan gaskiya, kuma shi ma bai san gobensa ba. Ya faɗa masa wuyar maganin ba ragi. Sannan ya tambaye shi yaron na da 'yan'uwa ciki ɗaya, mutumin ya ce yana da su. Ya tambaye shi ko yana zazzaɓi yanzu, ya ce tun shekaranjiya.

Auta ya miƙe ya leƙo ya ce wa matarsa ta ɗauko masa hularsa da maganin idonsa. Ya ce wa mutumin, "To ba zama za mu yi ba. Tashi mu ɗauko shi, yau za mu shiga Kano. Sauran maganar ma yi a mota."